Dawowa daga ƙasar waje: yadda za ka zauna da gindinka a karkarar Daura

Wanda ya shekara da shekaru a Ingila ko Amurka ko Saudiyya, ya dawo zai zauna a ƙauye wajen Sandamu, Zango ko Baure, ya fara da haƙura da gini. Ka gyara ɗaki biyu a gidan gado, ka ga rani da damina da hunturu sun zagayo tukuna. Filin da ya yi maka kyau a watan Janairu yana iya zama hanyar ruwa a Agusta, ɗakin da ka buɗe wa manyan tagogi ta yamma kuma ya gagare ka kwana a Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40.

Wuta ita ce ciwon kai na farko. KEDCO ce ke rarraba ta a Katsina, amma a ƙauye kada ka ɗora lissafinka a kanta. Fanka biyu, firji ɗaya, kwan fitila shida da cajin waya suna cin kusan kilowat-awa 3 a rana. Farantin sola huɗu masu wat 400, da inbata mai kVA 3, da batirin lithium mai kilowat-awa 5 za su riƙe wannan. Batiri ba ya shiri da zafi, don haka a ajiye shi a ɗaki mai iska, ba ƙarƙashin kwano tsirara ba. Da hunturu a wanke farantan duk mako, da sassafe kafin su ɗau zafi, domin ƙura na rage musu ƙarfi sosai, mutum ya yi ta zagin mai haɗa masa sola a banza. Kayan wutan da aka zo da su daga Amurka na bolt 120 ne, namu 230. In ba taransifoma, da yawansu jonawa ɗaya za su ƙone.

Ruwa kuwa, kada a haƙa burtsatse sai an yi awon ƙasa, a kuma tambayi maƙwabta zurfin da suka samu ruwa. Mutum shida suna amfani da kusan lita 300 a rana, tanki mai lita 2,000 zai kai su kusan mako. Ruwan sha a tafasa shi, aƙalla a watannin farko.

Zazzaɓin cizon sauro ya fi kayar da wanda ya daɗe a waje, saboda garkuwar da jiki ya saba da ita tana raguwa, yaran da aka haifa a can kuma ba su da ita sam. A sa gidan sauro mai magani da raga a taga kafin ruwan Yuni ya sauka. Zazzaɓi ya zo, a yi gwaji ranar, ba jiƙo ba. Mai hawan jini ko ciwon suga ya rubuta sunan maganinsa na asali, ya san inda zai same shi a Daura ko Katsina kafin na hannunsa ya ƙare.

Sai mutane, kuma nan ne yawancin masu dawowa ke tuntuɓe. A makon farko ka nemi dattijo a dangi ya raka ka gaida mai unguwa da dagaci da liman. Ka cire takalmi, ka durƙusa, "ranka ya daɗe" kafin komai, kuma kada ka kawo maganar fili a zuwan farko. Jana'iza da zaman makoki ba a aika wakili. Wanda ba a gani a nan ba, an gama yanke masa hukunci. Bayan isha'i gari zai yi tsit, kewa ta taso. Maganinta tabarmar ƙofar gida bayan la'asar da sahun masallaci. Ka rage "a can Turai ba haka ake yi ba", ba mai son jin ta sau biyu.

Buƙatu za su zo, na gaskiya da na gwaji. Ka ware abin da za ka iya bayarwa duk wata, ya ƙare ya ƙare, a ce "Allah ya hore, sai wani watan." Bashi kuwa, abin da ba za ka iya yafewa ba kada ka ba da shi.

In za ka sayi gona, a yi ciniki gaban mai unguwa da maƙwabtan iyaka huɗu, duk magada su sa hannu, a kai takarda ƙaramar hukuma. Rigimar gado ce ke tasowa bayan shekaru, in ɗan'uwan da ke Legas ya dawo ya ce ba da shi aka sayar ba. Shekarar farko ka noma kadada ɗaya ta gero da wake, ka riƙa zuwa da kanka. Dabbobi kuma, ka je kasuwar Mai'aduwa ran Lahadi tare da wanda ya san shekarun dabba ta haƙori, ka bar shi ya taya, domin dillalai daga takalminka za su gane ka.