Yadda Baduku Zai Ƙirƙiro Aikin Kansa Domin Bunƙasa Sana'arsa

Akasarin masu sana'ar hannu a ƙasar Hausa suna aiki ne da umarnin wani. Baduku yakan zauna a rumfarsa har ɗan kasuwa ya zo ya ce a yi masa dozin biyar na takalma ko alabe irin na bara, da launi ɗaya da ado ɗaya, sannan shi ɗin ne kuma zai yanke farashi. Aibin wannan tsari shi ne mai saye ba ya neman abin da bai taɓa gani ba, saboda haka duk wata gwaninta da ke hannun baduku wadda ba a taɓa biyansa ya nuna ba, a ɓoye take zama har ya tsufa. Abin da nake kira aikin kai shi ne kayan da mai sana'a ya zauna ya tsara da tunaninsa, ya kashe kuɗinsa da lokacinsa ya yi, ba tare da kowa ya sa shi ba, domin mutane su gani su fara neman irinsa. Na ɗauki dukanci misali ne, amma tela da marini da mai ɗinkin hula duk za su iya bin wannan hanya.

Ba kayan aiki muka rasa ba. Fatar jar akuya ta Sakkwato da Maraɗi ta daɗe da yin suna, har Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko saboda ta hannun fatake masu ƙetare Sahara zuwa Arewacin Afirka take isa gare su, kuma lokacin da matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth ya zo Kano a 1851 ya tarar da takalma da jemammun fatu suna cikin manyan hajojin da birnin ke fitarwa. Abin da ya tsaya cik shi ne fasalin kayan. Wanda ya zaga layin dukawa a Kasuwar Kurmi zai ga aiki mai kyau, amma rumfa goma a jere abu ɗaya suke sayarwa, kuma inda kaya suka zama iri ɗaya, da ragin farashi kawai ake jan mai saye.

Matakin farko shi ne zaɓen abu guda ɗaya tak, kuma an fi samun wannan abu idan aka lura da abin da mutane suke ɗauka a hannu yau da gobe. Ɗalibin jami'a da ma'aikacin ofis suna yawo da kwamfuta a cikin jakar roba da ke ɓarewa kafin shekara, mai sana'ar POS yana ajiye na'urarsa da kuɗinsa a cikin leda, alabe irin na da kuma ba shi da gurbin katin banki. A ce baduku ya tsayar da shawara a kan gafaka, wato jakar da malamai da almajirai suke zuba Alƙur'ani da littattafai, ya ce zai sake mata awo ta yadda za ta ɗauki kwamfuta. Wannan zaɓi yana da kyau saboda hannunsa ya riga ya san ɗinkinta, mutanenmu sun san siffarta kuma suna ganin girmanta, sannan buƙatar da za ta biya sabuwa ce. Idan tunanin da ya zo masa yana buƙatar injin da ba shi da shi, ko wata fasaha da sai ya je koyo, ya ajiye shi zuwa gaba.

Daga nan sai a yi wa aikin iyaka, domin aikin da babu mai jiransa yana da saurin mutuwa a ƙarƙashin teburi. Ya kamata a rubuta adadi da wa'adi da kuɗi a takarda tun kafin a yanka fata: gafaka shida, a cikin mako shida, da kuɗi kaza da ba za a wuce ba. Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan Babbar Sallah, sa'ad da aikin mutane ya ja baya, hannu ya ɗan huta. A kowace rana kuma a ba aikin sa'a ɗaya ko biyu da sassafe kafin kasuwa ta buɗe, domin wanda ya ce sai ya gama aikin mutane da yamma zai taɓa nasa, gajiya ce za ta ci wa'adin. Game da kuɗi, a ciro su daga riba ko daga kwasar adashi. Kada a kuskura a taɓa kafin alƙalamin da wani ya bayar domin aikinsa, kuma a ganina bai dace a ci bashi domin gwaji ba, saboda wanda ake bi bashi ba ya iya haƙurin ɓata fata biyu kafin ta uku ta yi kyau.

A nan ne ya kamata a daɗe, wato wajen fitar da samfuri. Kada a fara da fata mai tsada. A samo kwali a yanka shi gwargwadon awon da ake so, a naɗe shi a ga yadda murfi zai kwanta, sannan a ɗinka na farko da ragowar fata ko ma buhu. Akwai kuskuren da ake yawan yi game da awon kwamfuta: idan aka ce inci 13 ko 14 ko 15.6, ana nufin tsawon gilashinta ne daga wata kusurwa zuwa kusurwar da ke fuskantarta, ba faɗin jikinta ba, kuma kwamfutoci biyu masu lamba ɗaya suna iya bambanta a kauri da faɗi. Saboda haka a ari kwamfuta ta gaske, a ɗora ta a kan kwalin, a zagaye ta da fensir, a ƙara sarari domin ɗinki da shafi da siririn soso da zai kare ta daga buguwa, a kuma tuna cewa mai ita yana yawo da caja, wadda take buƙatar aljihunta daban. Gafaka ta asali ba ta da zik, murfi gare ta da igiya, kuma wannan alheri ne, domin zik ne yake fara lalacewa a yawancin jakunkuna.

Sai samfuri ya zauna sannan a tafi majema. A ɗaga kowace fata a duba ta a hasken rana, domin a nan ne yankan wuƙar fiɗa da tabon ƙaska da wuraren da suka yi sirantaka suke bayyana. A sunsuna ta, saboda fatar da ba ta jemu sosai da bagaruwa ba, ko ba ta bushe ba, warinta ba ya fita, kuma babu wanda zai shiga ofis da jaka mai wari ko da ado ya kai ado. Gwaji mafi muhimmanci kuwa shi ne na zuba. A jiƙa farin ƙyalle a goga shi da ƙarfi a jikin fatar da aka rina, ko ja na karan dafi ne, ko baƙi na kuloko, ko rinin kanti. Idan ƙyallen ya ɗauki launi, to haka za ta yi wa farar shaddar mai ita ranar da gumi ya kama shi a kan hanyar masallacin Juma'a, kuma mutumin da aka ɓata wa riga ba ya dawowa, ba ya kuma yin shiru. Fatar akuya tana da laushi da kyawun fuska, amma igiyar rataya da gindin jaka suna son fata mai kauri, ko a ninka ta akuyar a ɗinke.

A sassauta ado. Mun saba cika fuskar kaya da zane da tunkuɗa launi a kan launi, amma mai ɗaukar jaka kullum ya fi son dagi ɗaya a kan murfi, ko layin saƙa a gefe, da sauran fatar a fili. Cikin guda shidan, a bar biyu babu ado ko kaɗan domin a ga wanda mutane za su fi miƙa wa hannu. A kuma buga wata 'yar alama ta mai aikin a ciki, ko da haruffan sunansa ne da lambar wayarsa, saboda jaka takan yi tafiyar da wanda ya ɗinka ta bai yi ba.

Kafin a nuna wa duniya, a ba mutum biyu amintattu su rataya na mako biyu, ɗaya mai hawa babur, ɗaya mai zaman ofis, da sharaɗin su faɗi gaskiya. Inda igiya ta haɗu da jiki ne yake fara saki, kuma gara a gano haka a hannun aboki.

Tun daga ranar da aka yanka kwali ya kamata a fara ɗaukar hoto da gajeren bidiyo, domin mutane suna son ganin hannu yana aiki kamar yadda suke son ganin kayan da aka gama, kuma wanda ya ga basilla tana huda fata ɗinki bayan ɗinki ya fi fahimtar dalilin tsada. Ba a buƙatar kyamara ta musamman. A goge idon wayar, a fita da kayan inuwa da hantsi, a ɗora su a kan sabuwar tabarma ko a jingina su da katangar ƙasa, a kawar da bokiti da takalman da ke baya. A riƙa sakin hotunan kaɗan-kaɗan a WhatsApp da Facebook da Instagram, a rubuta irin fatar da awon da kwanakin da aikin ya ci, da Hausa, da Turanci ko Faransanci idan akwai mai taimakawa. Manhajar WhatsApp Business tana da wurin jera kaya da farashinsu, wanda yake rage yawan amsa tambaya ɗaya sau ashirin. Na san wasu za su ce maƙwabta za su kwaikwaya. Za su kwaikwaya kuwa, amma sai sun ga kayan sun karɓu, kuma kafin nan an riga an san wanda ya fara, shi ma ya gano gyare-gyaren da ba a gani a hoto.

Wajen farashi dukawa suka fi cutar kansu, domin sukan lissafa fata da zare su manta da guminsu. A haɗa kuɗin fata da shafi da soso da zare da sufuri, har da fatar da ta lalace a gwaji, sannan a ƙidaya kwanakin da gafaka ɗaya ta ci a saka ladan da baduku yake samu a rana idan aikin mutane yake yi, kana a ɗora riba. Idan jimlar ta yi nauyi, a sauƙaƙa aikin, kada a zaftare lada. Kuma a faɗi farashin a fili tare da hoton, domin masu saye daga nesa sukan wuce idan aka ce sai sun tambaya.

Ana iya kai kayan inda ido ya fi yawa. Kasuwar baje koli ta duniya da ake yi a Kano wajen ƙarshen shekara, da takwararta ta Kaduna, suna tara baƙi, kuma dukawa uku ko huɗu za su iya haɗa kuɗi su kama rumfa ɗaya. A Nijar akwai cibiyar masu sana'ar hannu ta Wadata a Yamai. Rajistar sunan kasuwanci a hukumar rajistar kamfanoni ta Najeriya, wato CAC, kuwa tana da amfani ranar da wani kanti ko ofis ya nemi a ba shi rasit da asusun banki mai sunan sana'a, amma ba da ita ake farawa ba.

Idan wa'adin ya cika, a buɗe takardar da aka rubuta tun farko a kwatanta: nawa aka kashe, guda nawa aka sayar, wace ce aka fi tambaya, kuma su wane ne suka tambaya. Sau da yawa amfanin ba ya tsayawa a kan guda shidan, yakan zo ne ta hanyar wanda ya ga gafakar ya ce a yi masa jakar takardu, ko makarantar da ta nemi guda talatin domin kyautar malamai. A sayar da biyar, a riƙe ɗaya a rataye a rumfa tare da kwalin awonta, domin da ita za a karɓi odar da za ta biyo baya, kuma daga kuɗin biyar ɗin za a ware na fatar aiki na biyu.