Darasi na 9: Saita Farantin Satalayit da Mita

Tauraron ɗan'adam da ke aiko mana da tashoshin talabijin yana can sama da nisan kusan kilomita 36,000. Tafiyarsa ɗaya ce da juyawar duniya, shi ya sa kullum yana wuri guda. Aikinka shi ne ka sa faranti ya fuskance shi daidai.

Fara da sanin wanda kake nema. Daga Kano, tauraron da DStv ke amfani da shi, mai digiri 36 gabas, yana gabas ne ya ɗan karkata kudu. Nilesat kuwa, mai digiri 7 yamma, kudu maso yamma yake. Dubi inda farantan maƙwabta suka kalla, za ka sami haske. Kada bishiya ko katanga ta tare gaban faranti. Sandar da za a ɗora shi a kai kuma ta tsaya cak, domin idan ta karkace, wahala ce kawai za ka sha.

Mita, wato ƙaramar na'urar da ke nuna ƙarfin sigina, tana da kafa biyu. Ɗaya ta wayar da ta fito daga LNB ce, wato na'urar da ke gaban faranti, ɗayar kuma ta wayar rasiba. Kashe rasiba kafin ka jona, saboda akwai wuta a cikin wayar, ita ce ma mitar ke sha. Ka gama jonawa, sannan ka kunna.

Murɗa maɓallin mita har allura ta tsaya a tsakiya. Sassauta noti kaɗan, ka tsaya bayan faranti, ka juya shi a hankali. A hankali fa! Motsin da bai kai faɗin yatsa ba yana iya wuce tauraron. Idan allura ta hau, kukan mita ya ƙaru, ka tsaya. Ta kai ƙarshe? Rage maɓallin ta dawo tsakiya, ka ci gaba da lalube dama da hagu, sannan sama da ƙasa, har ka sami inda ba ta ƙara hawa. Daga nan ka ɗan juya LNB a mazauninta, ita ma har ka sami inda allura ta fi hawa.

A nan mutane da yawa ke ruɗewa. Ƙaramar mita mai allura ba ta tantance taurari, duk wanda ta ci karo da shi kuka take yi. Don haka ka sa wani ya zauna gaban talabijin ya dubi layuka biyu da rasiba ke nunawa, na ƙarfin sigina da na inganci. Na inganci shi ne abin lura. Idan bai motsa ba, wani tauraron ka kama. Idan ya tsaya ƙasa-ƙasa, hoto zai fito yau, amma hadari na haɗowa zai ɗauke.

Ɗaure notuka kaɗan-kaɗan, wannan sannan wancan, idonka na kan allura, don ɗauri ma yana gusar da faranti. Kashe rasiba, cire mita, mayar da waya kai tsaye cikin LNB, ka naɗe bakinta da tef saboda ruwan sama.

Aiki: fita ka dubi farantai uku a unguwarku, ka rubuta inda kowanne ya fuskanta.