Yadda Ake Sa Yaro a Ajin Share Fage na Gwamnati a Kebbi

Dokar ilimin bai-ɗaya (UBE) ta 2004 ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya don ilimin matakin farko, har da ajin share fage, wato ajin da yaro ke shiga kafin aji ɗaya na firamare. Haƙƙin ɗanki ne, baiwar Allah.

1. Da ya cika shekara 5, ki kai shi firamaren gwamnati mafi kusa, ki ga hedimasta.

2. Ki riƙo takardar haihuwarsa ta Hukumar Ƙidaya.

3. Idan babu ajin, kada ki haƙura. Ku haɗu da sauran iyaye, ku kai koke ga kwamitin kula da makarantar. Su za su miƙa wa sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, shi kuma ya kai hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha (SUBEB) a Birnin Kebbi. A rubuce ya fi, domin maganar baka saurin ɓacewa take.