Lambun mangwaro a Zariya: aikin kowane lokaci, daga tsinka zuwa tsinka

Shekarar mai lambun mangwaro tana farawa ne a watan Yuni, da zarar an sauke kwandon ƙarshe. Huda da za ka gani a hunturu tana fitowa a kan sabon reshen da ya tofo da damina ya ƙosa, don haka wanda ya watsar da lambu bayan ya karɓi kuɗinsa ya riga ya rage wa kansa amfanin baɗi.

Fara da datse rassa. Cire busassu, da waɗanda suka gitta juna, da ɗaya ko biyu daga tsakiyar bishiya don rana da iska su ratsa. Duk inda ka ga kauci, sare reshen daga ƙasan inda ya kama. In ka fizge ganyensa kawai, tushensa na cikin itacen kuma zai dawo. Reshen da ya kai kaurin dantse, a shafa wa bakin yankan maganin feshi mai sinadarin jan ƙarfe wanda aka dama da kauri.

Taki ya biyo baya, ƙasa na da danshi. Bishiyar da ta haura shekara takwas tana ɗaukar kilo 1 zuwa 2 na NPK 15-15-15 a shekara, a raba biyu: rabi a Yuni, rabi a ƙarshen Agusta, tare da kwando biyu na ruɓaɓɓen takin dabbobi. Kada a zuba a gindi. Saiwoyin da ke cin abinci suna daidai inda inuwar rassa ta ƙare, nan za ka ja ɗan rami zagaye, ka zuba, ka rufe. A guji yuriya bayan Satumba, domin ganye take sa bishiya, ba huda ba. Sabon dashe kuwa Yuni zuwa Yuli ne lokacinsa, tazarar mita 10 kowane gefe, wato bishiya 100 a hekta, kuma mahaɗar auren, wato inda aka haɗa reshen iri mai kyau da gindin dashen, ta tsaya sama da ƙasa da kamar taƙi ɗaya.

Ruwan Zariya yakan ɗauke a farkon Oktoba. A nan masu lambu a bakin kogunan Galma da Kubanni suke yawan kuskure: ruwa na kusa, injin na nan, sai su ci gaba da ban-ruwa. Babbar bishiya tana buƙatar ƙishin wata biyu zuwa uku haɗe da sanyin hunturu kafin ta yi huda sosai. Ka ba ta ruwa a Nuwamba, sai ta saka maka da sabon ganye jajur, mai kyan gani, mara ɗa. Ƙananan dashe 'yan ƙasa da shekara uku ba sa cikin wannan doka. Su a ba su bokiti biyu duk sati, a lulluɓe gindinsu da ciyawa amma kada ta taɓa jikin itacen, saboda gara. A wannan lokacin ne kuma ake share hanyar wuta mai faɗin mita 3 zuwa 4 kewaye da lambu, tun kafin masu farautar gafiya su fara cinna wa daji wuta.

Daga Disamba zuwa Fabrairu huda ke fita. Duba ta da safe: in ka ga farin gari kamar toka a jikinta, tana baƙi tana zubewa, cutar fumfuna ce, kuma maganin farar wuta na feshi ke tare ta. A fesa kafin furen ya buɗe, a maimaita bayan sati biyu, da sassafe ko da yamma, domin farar wuta na ƙona fure a tsakar rana. Maganin ƙwari kuwa a ajiye shi har furen ya gama. Ƙudaje da ƙudan zuma su ke yin barbarar mangwaro. Ka kashe su, ka kashe 'ya'yan.

Idan 'ya'ya suka kai girman gurjiya, a dawo da ruwa, duk kwana 7 zuwa 10. Zubewar wasu dole ce, bishiya ba ta riƙe duk abin da ta ɗauka, amma zafin Maris da Afrilu a kan busasshiyar ƙasa yana ninka asarar. A tsayar da ruwa sati biyu kafin tsinka don zaƙi ya zauna.

Babban abokin gaba shi ne ƙudan 'ya'yan itace. Macen tana huda fatar mangwaro ta sa ƙwai, tsutsa ta cinye cikin, ɗan ya faɗo, tsutsar ta shige ƙasa, bayan kamar kwana goma ta fito ƙuda. Nau'in da ya fi ɓarna daga Asiya ya zo, a Kenya aka fara ganinsa a Afirka a 2003, kuma yawansa na hauhawa da ruwan farko. Shi ya sa irin da ke nuna da wuri yakan tsira, irin Kent da Keitt masu jinkirin nuna su sha wuya. Magani mafi arha shi ne tsince duk wanda ya faɗo, sau biyu a sati, a ɗaure a baƙar leda mai kauri a bar ta a rana kwana uku zuwa biyar, ko a binne a ramin da ya wuce rabin mita. Tara su a gefen lambu kiwon ƙuda ne.

Sai tarko. Samo gorar roba, huda mata ƙofofi huɗu a kafaɗa, rataya auduga a ciki da aka jiƙa da methyl eugenol, sinadarin da ƙamshinsa ke jawo ƙudan, haɗe da ɗigon maganin ƙwari. A rataye a inuwar reshe, tsayin mutum, kamar guda 10 a hekta, tun sati shida kafin nuna, a sabunta audugar duk wata ɗaya zuwa sati shida. Maza kaɗai yake kamawa, kuma nau'in ƙudan 'ya'yan itace ɗan asalin Afirka da ke ɓarna da rani bai damu da ƙamshinsa ba, don haka tarko ba ya maye gurbin tsinta. Ya fi aiki in maƙwabtan lambu sun sa tare. Malaman gona na IAR da NAERLS, cibiyoyin binciken noma da wayar da kan manoma na Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, za su iya nuna maka irin ƙudan da tarkonka ya kama.

Iskar da ke gaban hadarin farkon damina tana kakkaɓe 'ya'ya. A tokare rassan da suka yi nauyi da gwafa. Ruwa na sauka kuma baƙin tabo ke bayyana a fata, musamman a bishiyar da ba a datse ba; feshin maganin fumfuna na mancozeb ko na jan ƙarfe duk sati biyu yana rage shi, a kiyaye kwanakin jira da ke rubuce a jikin maganin. A tsinka da safe, da sanda mai jaka a baki, a bar ɗan tsinke a jikin kowane ɗa, a kife su a inuwa har ruwan ƙaron ya tsane, don shi ke ƙona fata ya karya farashi a kasuwar Sabon Gari.