Ga masu niyyar zuwa Yamai kallon Mena, ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Nijar

Salamu alaikum 'yan uwa na Damagaram. Kafin kowa ya yanki tikitin mota, ya fara tabbatar da inda za a buga wasan. An sha sanya wasan gida na Mena a ƙasar Maroko saboda hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka, CAF, ba ta amince da filinmu ba, don haka jin an ce "wasan gida" bai isa ba.

In dai a filin Seyni Kountché ne, ku tashi da kwana biyu a hannu. Tafiyar ta kusa kilomita 900, ta Maraɗi, Ƙonni, Dogon Dutsi da Doso, yini guda cur. Wanda ya sauka ranar wasa, gyangyaɗi zai yi a kan kujera. Katin ɗan ƙasa ya zauna a aljihun gaba, don shingayen bincike.

Filin babba ne, amma ƙofa ba ta san haka ba. Ku yi azahar ku shiga da wuri, ku nemi ɓangaren da ke da rumfa ko da ya fi tsada, ranar Yamai ba ta da wasa. Tikitin shiga kuma a saya wurin da hukuma ta ware, ban da hannun yaran bakin ƙofa.