Yadda ake gano tsakiyar akwati a manhajar Windows

Duk wanda ya fara rubuta manhajar Windows da harshen C, ba a daɗewa zai so ajiye da'ira ko maɓalli a tsakiyar taga. Lissafin na 'yan firamare ne, amma ana yawan tuntuɓe a cikinsa.

Da farko ka san abin da ke hannunka. A Win32, wato tarin umarnin da Windows ke ba mai rubuta manhaja, akwati mai kusurwa huɗu yana zaune a cikin ma'ajin da ake kira RECT, da lambobi huɗu: left, top, right da bottom. Babu faɗi a ciki, babu tsayi. Daga kusurwar sama ta hagu ake fara ƙirga, kuma y ƙaruwa yake yi in ana gangarowa, saɓanin yadda malamin lissafi ya zana mana a allo.

Na biyu, ɗauko akwatin da GetClientRect, umarnin da ke ba da awon cikin taga kaɗai. Nan ne aka fi faɗuwa. GetWindowRect ma RECT yake bayarwa, sai dai nasa ya haɗa har da gefuna da sandar da ke ɗauke da sunan taga, kuma daga kusurwar sikirin yake awo. Na taɓa ɓata yamma guda ina neman dalilin da ya sa da'irata ke gudu duk sanda na ja tagar gefe, ashe wannan ne.

Na uku, lissafin, inda rc shi ne RECT ɗin da ka ɗauko:

fadi = rc.right - rc.left;
tsayi = rc.bottom - rc.top;
x = rc.left + fadi / 2;
y = rc.top + tsayi / 2;

Idan left 100 ne, right 500, top 50, bottom 350, faɗi ya zama 400, tsayi 300, tsakiya kuma 300 da 200. Kada ka ƙara 1 a kan faɗin, domin a Win32 layin right da na bottom a wajen akwatin suke. A Qt kuwa, wani kayan aikin rubuta manhaja na daban, right na akwatinsa QRect ya gaza da ɗigo (pixel) ɗaya saboda tsohuwar al'ada, don haka can ka dogara da width.

Wasu sukan haɗa left da right su raba biyu. Galibi amsar ɗaya ce. Amma C yakan yar da ragowar rabo ta wajen sifili, kuma sikirin na biyu da ke hagu lambobinsa ƙasa da sifili suke, sai ɗigon ya karkata dama a can, hagu a nan. Ni na fi son tawa hanyar, kullum hagu take karkata.

Na huɗu, abin da za ka ajiye shi ma yana da jiki. Maɓalli mai faɗin 80 da tsayin 40, ka cire rabinsa: zai fara daga 260 da 180.

Sauran abu ɗaya: in zane kake yi kamar da'ira, ka yi lissafin a cikin WM_PAINT, saƙon da ke cewa a sake zana taga, ka sa CS_HREDRAW da CS_VREDRAW lokacin rajistar tagar don a sake zana ta in girmanta ya canja, domin da an faɗaɗa ta tsakiyar ta tashi daga inda take.