Ga masu fama da makwabci mai hayaniya

Salama 'yan'uwa cikin Kristi. Ni ma na sha wannan wahalar a gidan hayan da muke a Sabon Tasha, da an dauke wuta makwabcina zai ta da janareta a gindin windona ya kure sifika har karfe 1 na dare, jaririyata ta yi ta firgita tana kuka, ni kuma ga aiki a Kakuri da sassafe.

Don Allah kar ku je masa cikin daren nan da zuciya tana tafasa. Ku fara durkusawa tukuna, ku ambaci sunansa a addu'a, ku roka masa albarka, da wuya kam amma yana sanyaya rai. Ni Zabura 4:8 nake karantawa kafin in kwanta. Washegari da yamma sai ku same shi ku biyu kawai, yadda Matiyu 18:15 ya koyar, ku gaisa sosai, ku tambayi iyali, sannan ku ce maigida don Allah a taimaka a rage daga karfe 10. Nawa ashe bai ma san karar na shigowa dakinmu haka ba, ya matsar da janaretan bayan gida.

In ya ki ji, ku tafi da dattijo daya ko mai gidan hayan.